Ba Sai Na Ɗanɗana Ba

Ran Juma'a, kafin hazon Danube ya ɗaga,
na sauka daga jirgin titi mai lamba huɗu,
wanda na tuƙa shekara talatin da ɗaya
kafin gwiwa ta ce mini ya isa haka.
Kantin Gizella yana ƙarƙashin bene,
matakala bakwai, ta ukun tana kuka.

Ko sannu ba ta yi mini ba.
Ta zura hannu ƙarƙashin teburi,
ta fito da shi cikin ledarsa:
sabon faifan Ottilia Kerecsen,
ita da fiyanonta, ba kowa a tsakani.

"Ba za ka saurara tukuna ba?"
Kullum sai ta tsokane ni da wannan.
Na ce, Gizella, wa ya taɓa ɗanɗana
ruwan rijiyar gidansu kafin ya sha?
Na ƙirga mata forint daga kuɗin fansho.
Naman Lahadi ya tafi ke nan. Ya sauka lafiya.

Mutum uku gare ni a littafinta.
Akwai Ottilia, tun gashina yana baƙi.
Akwai yarinyar nan ta Busan, Nam Hye-rin,
mai jan goge kamar tana bin wani bashi;
faifai biyu kacal ta yi, na riga na miƙa wuya.
Na ukun, Dezso Halmagyi mai babban goge,
ni ban taɓa sonsa ba.
Yana jan sauti kamar mai jan zance a bakin ƙofa.
Piroska ce ke sonsa.
Shekara shida ke nan da na raka ta makwanci,
ya fitar da huɗu a bayanta, duk na saya.
Nakan sa su da yamma, in juya kujerarta wajen taga,
in yi ta gunaguni ni kaɗai.

Jarida ta ce hannun Ottilia na hagu ya tsufa.
Ba ƙarya suka yi ba.
Maƙwabcina Zsombor, mai faifai dubu biyu,
ya ce in daina zubar da kuɗi,
in koma ga manyan da suka riga mu,
su da ba sa tuntuɓe.
To, ai matattu sun gama magana, Zsombor.
Abin da suka faɗa jiya shi za su faɗa gobe.
Mai rai kuwa yana iya ba ni kunya,
yana iya sauya ra'ayi a kan waƙar
da ya kaɗa tun ina saurayi,
ya rage gudu inda dā yake tsere,
ya tsaya inda ban san akwai wurin tsayawa ba.
Wanda zai iya faɗuwa, shi ake riƙe wa numfashi.

Na iso gida, ƙanƙara ta fara sauka.
Ban ko cire kwat ba.
A minti na goma sha ɗaya,
tsakanin wani sauti da ɗan'uwansa,
sai na ji kujerarta ta yi ƙara,
na ji ta ja iska ta hanci,
irin jan da nake yi a matakala ta biyar.
Ba su goge shi ba. Allah ya saka wa wanda ya bari.

Shekararta tamanin da uku,
ni saba'in da shida.
Ba ta san da ni ba, ba za ta sani ba.
Ban san wanda zai riga wani yin shiru ba.

Na jera faifan kusa da 'yan'uwansa,
sannan na tura na gefe kaɗan,
na bar gurbi
daidai faɗin yatsa ɗaya.