Mai Gyaran Jiniya

A Panteka rumfata take, bayan masu walda,
inda ƙarfe ke kuka tun hantsi har la'asar.
Ba na gyara rediyo, ba na taɓa agogo;
maƙogwaron mota nake wa magani.

Na san su duka ko idona a rufe.
Ta 'yan sa-kan Rigasa tsohuwar tanka ce,
manja take ɗauka kafin a wanke mata ciki;
har yau in ta fesa ruwa sai ka ji ƙamshin miya.
Muryarta kauri, daga ƙasa take farawa
kamar saniyar da aka raba da maraƙinta.

Ta Kakuri a-kori-kura ce, rabi ja, rabi tsatsa,
Istifanus ke tuƙi, tsani ɗaure da igiyar guga.
Jiniyarta daga tsohuwar masaƙa aka kwanto,
wadda ke kiran ma'aikata da asuba;
shi ya sa in ta ratsa layi da dare
tsofaffi kan zabura suna laluben takalmin aiki,
sannan su tuna ƙofar ta daɗe a garƙame.

Akwai ta Barau a Kawo, ba batir, ba waya,
da hannu ake murza ta kamar injin taliya.
In yaron ya gaji, kukan ya gaji,
ka ji ta tana hamma a kan gada.

Sai keken Asabe, ƙafa uku, duro biyu,
ba jiniya ko ta aro.
Ƙanenta ke dukan tsohon wili da sifana,
ƙwal, ƙwal, ƙwal.
Na sha yi musu dariya.

Ta unguwarmu kuwa, ta Jatau, ta shaƙe.
Ya kawo mini ita wata Laraba,
na ce ya dawo jibi.
Jibi ya haifi jibi.
Akwai bashin bara tsakaninmu, dubu huɗu,
ban tuna masa ba, bai tuna mini ba,
na tura ta ƙarƙashin benci, ta yi mako uku.

Daren da aka dawo da wuta da ƙarfi
waya ta yi tartsatsi a rumfar mai fenti.
Ina tsaye bakin titi ba takalmi,
kunnena na auna nisa.
Ga Rigasa can, ba ta tsallake layin dogo ba.
Ga Kawo, hannun yaron ya soma sanyi.
Ta Jatau da ke nan bayan masallaci
ban ji ta ba. Ta ina zan ji?
Ashe tana mararraba, cikinta fal da ruwa,
yana ta danna hon, yana ihu ta taga,
masu babur na zaton mai tallan ruwa ne,
ba wanda ya kauce.

Ƙwal-ƙwal ce ta fara isowa
ta lungun da mota ba ta shiga.
Duro biyu ba su kashe gobara ba,
amma sun tsare ta a katangar Malam Iro
har manya suka ƙaraso.

Da gari ya waye na tona toka.
Na same ta baƙa ƙirin, fentin ya saɓule,
fankar ciki kuwa tana juyawa.
Jatau na zaune kan bulo, girarsa ta babbake.
Bai ce mini uffan ba.
Wuƙarsa ya miƙo, don kayan aikina sun narke.

Waya ɗaya ce ta tsinke.
Gyaran bai kai a sha shayi ba.

Na jona ta da batirin motarsa.
Ta yi tari, ta sake tari,
sannan ta buɗe baki.
Kasuwa duk ta waiwayo tana neman hayaƙi,
babu sai wanda ke tashi daga rumfata.
Na bar ta tana yi
har Asabe ta zo ta zare wayar.