Ƙofar da Ke Cikin Katanga

Ni magini ne, siyasata laka ce,
na san inda gini ke ƙarya tun bai tsage ba.
Ruwan Agusta ya kwana uku a kan Birni,
katangar da ke tsakanin gidan Manzo da gidan Kyari ta durƙusa,
aka aiko yaro ya kira ni.

Da na kankare abin da ya rage na yaɓe, sai ga ta,
ƙofa,
an cushe bakinta da tubalin da ba ɗan'uwan sauran ba,
ba ramno, ba haƙuri,
aikin hannun mai fushi ne, ko makaho ya shafa ya sani.

Tsohuwa Gaptiya kaɗai ta tuna.
Ta ce, ta nan nake bi in ɗebo wuta,
ta nan ake miƙo kanwa, a miƙo jinjiri,
har shekarar da aka kawo mana takarda biyu,
ɗaya I, ɗaya A'a.
Manzo ya bi raƙumi, Kyari ya bi giwa,
kafin a yanke gero sallama ta ƙare.
Da shekaru suka ɗan ja, mota ta zo da dare
ta tafi da Manzo.
Ya dawo ba haƙora, ba hira.
Gari ya ce Kyari ne ya nuna gida,
Kyari ya yi ta rantsuwa har aka kai shi makwanci.
Ni ma ban sani ba, in ji ta,
kuma daga ɗakinmu nake jin tarinsa.

Raƙumi ya kwanta, giwa ta faɗi,
tutoci sun sake launi har rini ya gaji,
amma duk inda gidan can ya sa yatsa
gidan nan sai ya nemi wani wuri.
Jikoki sun gaji gaba kamar gona,
suna noma, ba su san wa ya sare dajin ba.

Lawali jikan Manzo ya ce, a ƙara mata kamu biyu.
Bara jikan Kyari ya ce, a dasa mata kwalabe a ka.
Shekara sittin da ɗoriya,
ranar nan ce bakin gidajen ya fara zuwa ɗaya.

Na ce, ba a ginin laka da damina,
ku jira kaka.

Akuya ce ta fara ƙetarawa, ba ta da kati.
Sai ƙwallon yara, sai yaran,
sai Cima matar Lawali ta leƙa aron rariya
ta daɗe fiye da yadda aron rariya ke ɗauka.
Famfon gidan Manzo ya yi kwana tara yana huci,
na gidan Kyari kan zo ƙarfe uku na dare, siriri,
ka san ƙishin Damagaram bai taɓa tambayar jam'iyya ba.
Wani ya jawo tiyo ta kan ɓaraguzai.
Ba wanda ya ce shi ne.

Da na dawo da kwandona bayan girbi
na tarar ƙafa ta riga ni, ta daɓe hanya.
Lawali na nan kan bakansa, mutanen Bara ɓarayi ne.
Bara na nan, mutanen Lawali ƴan hassada ne,
kowa da wayarsa a hannu, cike da hujja.
Sai Lawali ya kalli ƙasa ya ce,
ka dai bar wa tiyon nan wuri.
Na ce, faɗin me?
Ya ce, daidai tiyo.
Gaptiya daga kan tabarma ta ce, daidai ƙuguna.

Na auna da mace ɗauke da ƙwarya,
na ɗora azara a bisa, na shafe gefe.
Kuɗina sun biya rabi da rabi, kowa yana ƙorafi.

Ƙyaure ne har yau ba a sa ba.
Suna can suna gardamar wanda zai saya,
a tsaye, ɗaya nan, ɗaya can,
iska na wucewa tsakaninsu.