Amanar Arzika

Ranar da Arzika zai hau motar Abijan
bai bar mini makullin ɗaki ba, bai bar mini tunkiya ba.
Hannuna ya kama, ya ja ni bakin layi,
ya nuna mini tsirrai biyar cikin tsofaffin tayoyi,
ganyen kowanne bai wuce a ƙirga da yatsu ba.
Ya ce, Nomau, ga 'ya'yana.
Na ce, 'ya'yanka suna cikin gida suna kuka.
Ya ce, waɗancan suna da uwa.

Dogon yaro huɗu, kurna ɗaya.
Uku ga Agusta ya karɓo su,
ranar da kowa ke dasawa a ɗauki hoto,
kashegari awaki su yi buki.

Ƙasar Tawa ba ta wasa da baƙo.
A Garkawa ka haƙa kamu biyu, diga ta fara tartsatsi.
Famfo kuwa sai ya ga dama,
ƙarfe uku na dare yake tari,
ya tofo abin da zai tofo, ya koma barci.
Na koyi farkawa da tarinsa,
jarka a hannu, takalmi wari da wari.

Ruwan alwala, ruwan wankin shinkafa,
ruwan ɗauraye kofin shayi,
duk na san gindin da za su.
Na sabulu kaɗai na hana.
Sau ɗaya na gwada,
na ukun ya yi mini fushi mako biyu.

Akuyar Hajo ta san lokacin sallar la'asar fiye da ladan.
Muna yin kabbara, tana ɗora ƙafa a kan taya.
Na yi shingen ƙaya, ta ci ƙayar.
Na jera bulo, yara suka kwashe suka yi ragar ƙwallo.

Ɗaya ya mutu. Gara in faɗa.
Da bazara na tafi Ƙonni zaman makoki, kwana tara,
na bar wa yaro aikin, yaro ya bar wa Allah.
Na dawo na tarar da sanda,
gara ta riga ni zuwa ta'aziyya.
Wata uku in Arzika ya kira,
ya ce, ina na bakin shagon tela?
sai in ce, layin ba kyau, ƙara faɗa,
in kashe.

Iliyasu ya zo da gatari shekara ta huɗu,
wai saiwa na neman tsaga masa katanga.
Muka tsuguna tare, muka tone,
muka datse guda ɗaya mai kaurin damtse,
na shafa mata toka kamar mai jinya.
Yau a nan yake shimfiɗa tabarma da azahar,
ya ce inuwar ƙofar gidansa ce.
Ban yi musu ba.

Masu gyaran wuta suka zo da tsani,
suka yi wa babban aski rabi.
Na tsaya ƙasa ina roƙo reshe reshe
kamar mai ciniki a kasuwar Lahadi.
Damina biyu, ya rufe kunyarsa.

Shekara takwas ke nan.
Mai shayi ya kafa tebur, mai faci ya jingina famfonsa,
'yan lakwal na jifar kurna ina korarsu da rabin murya.
A gurbin wanda ya mutu
wani ya tsiro da kansa, ɗan tsuntsu ne ya yar da iri.
Na gaya wa Arzika gaskiya daga baya.
Ya yi shiru har na zaci kuɗinsa sun ƙare.

Jiya da dare ya sake kira.
Ruwa ake yi a can, ina jin sa kan kwano.
Bai tambayi farashin hatsi ba.
Ya ce, akwai iska?
Na ce, kaɗan.
Ya ce, fita waje, ɗaga wayar sama.

Na tsaya tsakiyar layi, hannu a miƙe,
har kafaɗa ta fara ciwo.