Awa Shida a Napoli

An ɗauke wuta a Kabala tun la'asar,
cajin wayata saura kashi tara,
sai ga saƙon murya daga Tanimu,
iskar teku tana cinye rabin maganarsa.

Wata huɗu yana gugar zannuwan gado
a ƙasan jirgi, inda rana ba ta leƙawa.
Yau sun tsaya Napoli,
an ba shi awa shida
kamar mai aron gishiri a maƙwabta.

Ya ce, Umma, shanya ce ko'ina a sama,
daga taga zuwa taga,
'yan babur ɗinsu sun fi na Kasuwar Barci ganganci.
Na ci gurasa mai tumatir a tsaye, ta ƙona min harshe.
Kofin gahawarsu, wallahi, bai fi murfin kwalba ba.

Masu kuɗi sun cika bas,
sun tafi kallon garin da toka ta binne.
Shi alƙibla ya tafi nema.
Wani ɗan Senegal mai tallar jaka
ya nuna masa da haɓa,
ya shimfiɗa masa kwali.

Na saya miki ɗankwali, Umma, launinsa...

Nan waya ta mutu.

Na sa mayafi na gangara bakin kogi.
Barau yana tura kwalekwalensa
da buhun gawayi biyu da akuya.
An ce ruwan nan ma teku yake zuwa,
sai dai shi ba a ƙirga masa awa.

Na tsaya har aka kira magariba
ina cankar launin.