Sawun Gado

Na zaga kasuwar Jega tun da hantsi,
rumfa bakwai, har layin 'yan gwanjo,
ina neman mai tsini, ruwan zuma,
irin wanda Kulu ta sa ran sunan ɗanta.

Lamba talatin da takwas, tsawo daidai.
Faɗin ne bala'i.
Ƙafata na iyo a ciki
kamar tarwaɗa ɗaya a kwalekwalen Yawuri.

Mai rumfa ya duƙa, ya ƙyalƙyale:
"Hajiya, wagga ƙafa taki sillen kara ta.
Cusa auduga, kowa haka shika yi."
Na cusa. Na yi taku uku.
A na huɗu takalmin ya tsaya baya
yana kallona, baki buɗe,
ni kuwa diddige a ƙasa gaban masu lemu.

Inna ta ce gadon kakata ne,
wadda ta taka har Kamba ba komai a ƙafa,
ƙaya ma ta rasa wurin kamawa.
To, ita ba a gayyace ta walima ba.

Da la'asar na ƙare wurin Ɗan'ige baduku.
Ya ɗora ƙafata kan kwalin sukari,
ya zagaye ta da biro, shiru,
kamar mai zayyanar allo.
"Jibi," in ji shi. Jibinsa mako biyu ne.

Ba ƙyalli, ba tsini.
Kulu ta ce na tsofaffi ne.
Amma jiya na bi motar Birnin Kebbi da gudu,
kuma wallahi, ya biyo ni.