Ƴan Jajayen Bayan Ɗaki

Shekarar farko gaggawa ta ci ni.
Na zuba iri a tsakar bazara,
ranar Maradi ta leƙo sau ɗaya,
fure ya zube kamar an kakkaɓe tabarma.
Na ce irin banza aka ba ni.

Nomau na Jiratawa ya yi dariya
har goro ya kusa shaƙe shi.
Ya ce, "Direba, ka saba taka mota,
ita ƙasa ba a matsa mata oda.
Bari a ɗaure damman gero,
ruwan sama ya yi sallama,
asuba ta fara sa ka laluben bargo.
Ƙarshen Oktoba, goshin Nuwamba,
ran nan ka kwance ƙullin takarda."

Na jira, ni da ban iya jira ba.

Tsohuwar robar da ta tsage a gindi,
wadda Kuluwa ta ce a yar,
ita ta zama gadon reno.
Ƙasar bakin Gulbi tiya biyu,
kashin awaki tiya guda,
wanda ya shekara, ya huce, ya bar wari,
da ɗan tokar murhu.
Irin bai kai ƙwayar riɗi ba.
Ban binne shi ba, lulluɓa shi na yi,
na yayyafa ruwa da bakin tsintsiya.

Kwana shida shiru.
Na bakwai Barira ta faɗo ɗaki ba sallama:
"Kaka, fito, sun buɗe hannuwa!"

Da suka yi wata, ganye huɗu-huɗu,
na dasa su bayan la'asar
don dare ya lallashe su.
Wasu a yankakken bido,
wasu a buhun siminti,
ko wane na huda masa gindi da ƙusa,
na bar kamu guda tsakaninsu
inda hantsi ke sauka bayan ɗaki.

Ruwa a gindi, da sassafe.
Ba a kan ganye ba, ba na wanki ba.
In ina shakka, sai in tura yatsa:
ƙasa da damshi, in ajiye buta.
Guda biyu na kashe da yawan so
kafin in gane haka.

Sun yi tsawo, sun fara layi kamar mai jin barci.
Na kafa musu karan dawa,
na ɗaure da tsumman tsohon zane, sako-sako.
Ƴan tohon da ke fitowa a hammata
ina tsinke su da farce,
ƙamshin ya bi ni har masallaci.

Maƙiya kuwa ba a rasa su.
Kajin maƙwabta, da jan gwada mai gyaɗa kai
kamar da shi aka yi wahalar.
Tsohon sange ya raba mu.
Fararen ƙwarin ƙarƙashin ganye,
ganyen bedi na daka, ya kwana a ruwa,
na tace na fesa da magariba.

Cikin Janairu suka nuna.
Zangarniya-zangarniya, kamar magarya ta sha lalle.
Kuluwa ta taɓe baki:
"Waɗannan nawa za su cika miya?"
Jiya na same ta tsugune a wurin,
kumatu cike, tana cewa ciyawa take cirewa.

Shekara talatin ina bisa kwalta,
Ƙonni, Damagaram, Agadas.
Na wuce gonaki dubu a guje,
ban taɓa ganin abu yana girma ba.

Yau na zaɓi uku da suka fi nuna,
na matse ƴaƴan bisa takarda,
na shanya a inuwa.
Barira ta rubuta a kai da biro,
da baƙaƙenta masu karkata:
"Kada a taɓa sai an yi sanyi."