Fam Nawa?

Ranar Laraba tsirkiyar ta tsinke,
ana saura maki biyu mu tashi.
Tas! kamar an taka busasshen kara,
sai ga kafa a cibiyar raket
wadda babban yatsa zai shiga ya fita.

Na kai wa Bappayo a Jekadafari,
shagon da ke matse tsakanin mai faci da mai kunun aya.
A Dadin Kowa ya taso yana ɗinkin koma,
har yau yatsunsa ba su manta ƙulli ba.
Ya sa almakashi, ya fara yanka daga tsakiya
don kada bakin raket ya karkace.
Bai ɗago kai ba ya ce, "Fam nawa?"

Na ce ashirin da takwas.

Ya ce, "Ashirin da takwas doki ne mai baki.
Ka sami ƙwallon gashin a daidai cibiya,
inda idonka ya nuna, nan za ta sauka.
Ka kauce da faɗin farce kuwa,
gwiwar hannunka ce za ta biya bashin.
Ga saurin tsinkewa, wata guda ka dawo.
Sassauƙa tana da yafiya,
tana ranta maka ƙarfin da ba ka zo da shi ba,
sai dai ba kullum take jin magana a bakin raga ba."

Na ce, lokacin da muka je gasa Jos
da ashirin da takwas na kai wasan kusa da na ƙarshe.
Ya ce, "Wace shekara ke nan?"
Na fara ƙirge da yatsu.
Yatsun suka ƙare, na sake zagayowa.
Ya ce, "Tun kana bakin ƙofa
ƙanshin man zafi ya riga ka sallama."

Daga nan sai ciniki, kamar na rago a Tike.
Ni ina saukowa da ƙyar, shi yana hawa da tsaki.
Ashirin da shida. Albarka.
Ashirin da biyu. Haba, ni yaro ne?
Muka tsaya a ashirin da huɗu,
kowa fuska a ɗaure.

Ya zura na tsaye, ya saƙa na gicciye,
sama, ƙasa, sama, ƙasa,
inji na ja, matsi na kamawa.
Da ya gama ya buga ta a tudun tafin hannunsa,
ya kara kunne kamar mai gyaran molo.
"Kada ka bar ta a bayan mota.
Ranar garin nan ko ƙarfe tana sa shi hamma."

Da yamma a Pantami 'yata Sa'adiya
ta cinye ni, ashirin da ɗaya da sha biyar.
Amma sau uku na tura ta har layin baya
ba tare da na cije leɓe ba,
kuma daren nan hannuna ya yi barci tare da ni.

Sai da safe, ina goge gumi daga mariƙi,
na ga 'yar takarda manne a wuyan raket,
rubutun biro ƙanana kamar sawun tururuwa:
ashirin da uku.

Ya ci mini fam ɗaya.
Na daɗe a tsaye da ita a hannu.
Sannan na mayar da ita jaka, na ja zif.